Ƙashin da Ke Riƙe Haƙori: Tarihin Wata Tambaya Mai Shekaru Fiye da 250

A shekarar 1771, likitan fiɗa John Hunter ya fitar da littafinsa kan haƙoran ɗan Adam a birnin Landan. Cikin abubuwan da ya lura da su a kan muƙamuƙan gawarwakin da ya feɗe, akwai ɗaya da har yau ba a ƙaryata ba: ɓangaren ƙashin da haƙora ke dashe a cikinsa ba shi da rayuwar kansa. Da haƙori yake tsirowa, kuma idan haƙorin ya fita, sai jiki ya riƙa zuƙe shi a hankali har wurin ya shafe. Wannan ne ya sa bakin tsohon da ya rasa haƙoransa ke lotsawa ciki, haɓarsa ta matso kusa da hanci.

Hunter ya nuna cewa rashin haƙori na cinye ƙashi. Tambayar da ta rage ita ce ta baya: shin raunin ƙashi shi ma na iya jawo rashin haƙori? Duk wanda ya zauna da tsofaffi ya san yadda abubuwan biyu ke zuwa kusan tare, musamman ga mata. Baya ya fara ranƙwafawa, tsawo ya ragu, ɗan zamewa kaɗan ya karya wuyan hannu ko kwatangwalo, a lokaci guda kuma dasashi na jini, haƙora na girgiɗa. Ko tsufa ne kawai ya haɗa su, ko kuwa akwai wani zare a tsakani? An shafe fiye da ƙarni biyu kafin a sami amsar da ta tsaya da ƙafafunta.

Cututtuka biyu, gidaje biyu

Dalilin farko na jinkirin shi ne cewa cututtukan biyu sun taso a hannun mutanen da ba sa zama a ɗaki ɗaya. Ciwon dasashi na masu cire haƙori ne. Pierre Fauchard, Bafaranshen da ake ɗauka uban likitancin haƙori na zamani, wanda littafinsa ya fito a 1728, ya siffanta cutar da ke sa mugunya fitowa daga gindin haƙori har ya sassauta, kuma ya danganta ta da irin ciwon bakin da ke kama matuƙan jirgin ruwa. A ƙarni na 19, John Riggs na garin Hartford a Amurka ya dage cewa tushen cutar yana nan a bakin, cikin dauɗar da ke daskarewa ta zama kamar dutse a gindin haƙori. Maganinsa shi ne kankare ta da ƙarfe har ƙarƙashin dasashi. Ya yi suna a kan haka har aka daɗe ana kiran cutar da sunansa.

Raunin ƙashi kuwa na likitocin fiɗa ne da masu binciken gawa. A shekarun 1820, Astley Cooper na Landan ya rubuta cewa ƙasusuwan tsofaffi kan yi shara-shara su rasa nauyi, kuma hakan ne ke sa su yawan karaya a kwatangwalo. A shekarun 1830, Jean Lobstein na birnin Strasbourg ya ƙirƙiro sunan da ake amfani da shi har yau, wato ostiyoforosis, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar ƙashi mai ramuka. Wanda ya taɓa ganin azarar da gara ta ci ya san siffar: waje lafiya lau, ciki fanko.

A 1873 masanin ƙirar jiki Albert Kölliker ya raɗa wa wasu manyan ƙwayoyin halitta suna, waɗanda ya gani manne da ƙashi a inda yake zaizayewa. Aikinsu rushe ƙashi ne, don haka za a iya kiran su marusa. Suna da abokan aiki, magina, masu cike gurbin da aka rushe. Ƙashin babban mutum kullum cikin wannan rushewa da gini yake, kuma kimanin kashi 10 cikin 100 nasa na sabuntuwa a kowace shekara. A zamanin Kölliker babu wanda ya san abin da ke ba marusa umarnin fara aiki. A kan wannan tambaya ce cututtukan biyu za su haɗu, bayan kusan shekaru ɗari.

Da aka fara ganin ciki

A ƙarshen 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi. Cikin makonni kaɗan, a Janairun 1896, wani likitan haƙori Bajamushe mai suna Otto Walkhoff ya ɗauki hoton nasa haƙoran, bayan ya jure minti 25 a ƙarƙashin hasken. Daga nan aka daina dogaro da gawa. Likita na iya ganin yadda gaɓar ƙashin da ke tsakanin haƙora biyu ke ja da baya a bakin mai rai, kuma aka gane cewa abin da ake kira ciwon dasashi, idan ya yi nisa, ciwon ƙashi ne.

Wannan ya buɗe ƙofar wani sabon zato. A shekarun 1920, Bernhard Gottlieb na birnin Biyana ya bayyana wani nau'in cutar da ƙashin muƙamuƙi ke shanyewa ba tare da dauɗa mai yawa ba, ya kuma ɗauka cewa lalacewar daga cikin jiki take. Mabiyansa sun riƙe wannan ra'ayi tsawon shekaru. Masana suka rabu gida biyu: masu cewa cutar daga baki take farawa, da masu cewa baki madubi ne kawai na abin da ke faruwa a jiki.

Ana cikin haka, sai wani bayani ya fito daga inda ba a zata ba. A shekarun 1930 an lura cewa tantabara mace na tara sabon ƙashi a cikin ɓargonta gab da yin ƙwai, kuma sinadarin mata da ake kira istirojin ne ke sa haka. Fuller Albright, likita a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, ya ɗauki wannan ya auna da majinyatansa. A rahotonsa na 1941 ya kawo mutum 42 masu raunin ƙashi, 40 daga ciki mata ne da al'adarsu ta yanke. Ya ce ƙarewar istirojin ce sanadi, ya kuma fara ba su shi a matsayin magani. Ya yi kuskure a wuri ɗaya: ya zaci magina ne suka yi sanyi. Daga baya aka tabbatar cewa marusa ne ke ƙara ƙaimi, su fi ƙarfin magina. Amma ya kafa abu mafi muhimmanci, cewa raunin ƙashi cuta ce mai dalili, ba ƙaddarar tsufa kawai ba.

Shekarun kalsiyam

Da zarar an san haka, sai aka fara neman sawun cutar a baki. A 1968 J. J. Groen da abokan aikinsa a Birnin Ƙudus suka ba da rahoton majinyata masu raunin ƙashin baya tun kafin tsufa, waɗanda da yawansu ke fama da ciwon dasashi mai tsanani ko sun riga sun rasa haƙora. A Jami'ar Cornell ta Amurka kuwa, likitan dabbobi Lennart Krook ya kai maganar ƙurewa. An gwada karnuka da abinci mai ƙarancin kalsiyam da yawan fosfaras, aka ga ƙashin muƙamuƙinsu na zaizayewa. A farkon shekarun 1970 Krook ya ce haka abin yake ga mutane: jiki na yasar kalsiyam daga muƙamuƙi kafin sauran ƙasusuwa, don haka ciwon dasashi alamar farko ce ta yunwar kalsiyam, kuma ƙwayar kalsiyam za ta magance shi.

Ra'ayin ya yi daɗin ji domin yana da sauƙi. Sai dai bai jure gwaji ba. A 1984 wasu masu bincike a Sweden suka raba masu ciwon dasashi gida biyu, suka ba wasu kalsiyam, wasu kuma ƙwayar da ba komai a cikinta, ba a ga bambanci a dasashinsu ba.

Tun kafin wannan ma, an riga an raunana ra'ayin daga wata fuskar. A 1965, a birnin Aarhus na Danmak, Harald Löe ya nemi mutum 12 masu lafiyar baki su daina goge haƙora gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kusan mako guda kumburin ya tafi. Ba a taɓa abincinsu ba, ba a taɓa ƙasusuwansu ba. Ƙwayoyin cutar da ke taruwa cikin dauɗa mai yauƙi a gindin haƙori su ne suka kunna wutar. Riggs ya yi gaskiya, bayan kusan shekaru ɗari.

Amma Löe da kansa ne ya nuna iyakar wannan nasara. Daga 1970 zuwa 1985 shi da abokansa sun bibiyi maza 480 masu aikin gonar shayi a Siri Lanka, waɗanda ba sa goge baki kuma ba su taɓa ganin likitan haƙori ba. Dukkansu bakinsu cike yake da dauɗa. Duk da haka, kimanin kashi 8 cikin 100 ne cutar ta ci ƙashinsu da sauri, kashi 81 ta ci a hankali, kashi 11 kuwa ba ta wuce kumburin dasashi ba. Dauɗa iri ɗaya, sakamako daban-daban. Ashe ƙwayar cuta na fara faɗan, amma jikin mai ita ne ke yanke yawan ɓarnar.

Kwanon gwaji na 1972

Mabuɗin ya fito daga Cibiyar Binciken Haƙori ta Ƙasa a Amurka. John Horton, wanda fagensa ciwon dasashi ne, yana son sanin yadda ƙwayoyin cutar da ke zaune a saman haƙori ke cin ƙashin da ba su taɓa ba. Shi da Lawrence Raisz da wasu abokan aiki suka ɗauki fararen ƙwayoyin jinin mutum, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki, suka zuga su da abubuwa ciki har da dauɗar haƙori. Sai suka tace ruwan da ƙwayoyin suka zauna a ciki, suka zuba shi a kan ƙasusuwan 'ya'yan ɓera. Ƙasusuwan suka fara narkewa, marusa suka yawaita a kansu. An wallafa sakamakon a 1972.

Ma'anar wannan babba ce. Ba ƙwayar cuta ke tauna ƙashi ba. Garkuwar jiki ce, a ƙoƙarinta na yaƙi, ke aika saƙon da ke tayar da marusa, ƙashi ya ja baya daga fagen fama, haƙori ya rasa gindi. A 1985 masu bincike a cibiyar Forsyth ta Boston suka tace saƙon suka gano cewa sinadarin da ake kira IL-1 ne.

Likitocin ƙashi suka ɗauki wannan zare suka bi. A ƙarshen shekarun 1980 Roberto Pacifici ya nuna cewa fararen ƙwayoyin jinin matan da al'adarsu ta yanke na fitar da IL-1 fiye da da, kuma ba su istirojin na rage shi. A 1992 ƙungiyar Stavros Manolagas ta nuna irin haka game da wani ɗan'uwansa, IL-6, a jikin ɓeraye. Istirojin ashe linzami ne a bakin waɗannan saƙonni. Idan ya ƙare, sai su yi ta kiran marusa a ko'ina cikin jiki.

A 1997 da 1998, masu bincike a kamfanin Amgen na Amurka da kamfanin Snow Brand na Japan suka gano makunnin ƙarshe. Akwai wani furotin, RANKL, wanda idan ya taɓa ƙwayar da za ta zama marushi sai ta tashi aiki. Akwai kuma wani, OPG, mai tare shi a hanya. Yankewar istirojin na karkata ma'aunin zuwa ga RANKL a duk ƙwarangwal. Kumburin dasashi na karkata shi zuwa gefe ɗaya a kewayen haƙori kawai, kamar yadda aka nuna a gwajin ɓeraye a shekarar 2000. A wannan shekarar ce aka raɗa wa fagen nazarin alaƙar garkuwar jiki da ƙashi suna na kansa. Tambayar likitan dasashi ce ta haife shi.

Abin da ƙidaya ta nuna

Sanin hanya daban, sanin yawan masu bin ta daban. Kafin a iya ƙidayawa sai da aka sami ma'auni. A 1987 aka fito da na'urar DXA mai auna kaurin ƙashi, a 1994 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka: macen da ma'auninta ya kai 2.5 ƙasa da na lafiyayyar budurwa, bisa ma'aunin da ake kira T, tana da cutar.

Bincike mafi shahara a wannan fanni shi ne na Jean Wactawski-Wende a birnin Buffalo, wanda ya duba mata 1,341 da al'adarsu ta yanke. Rahoton 2005 ya nuna cewa waɗanda ƙasusuwansu suka fi rauni sun fi samun ja da bayan ƙashin da ke riƙe haƙora, kuma alaƙar ta fi fitowa ga waɗanda suka kai shekara 70. A Boston, Elizabeth Krall da Bess Dawson-Hughes sun duba mutum 145 masu shekara 65 zuwa sama da ke cikin gwajin kalsiyam da bitamin D. Kashi 13 cikin 100 na masu shan maganin ne suka rasa haƙori, a wajen waɗanda ba su sha ba kuwa kashi 27. Adadin mutanen kaɗan ne, kuma ba don haƙori aka tsara gwajin ba tun farko, amma ya nuna cewa Krook bai ɓace gaba ɗaya ba. Ya dai mai da mataimaki shugaba.

Akwai kuma binciken da bai ga alaƙa mai ƙarfi ba, kuma dalilin a fili yake. Cututtukan biyu na da abokan gāba iri ɗaya: tsufa, shan taba, ciwon sukari, ƙarancin bitamin D, da talaucin da ke hana abinci mai kyau da zuwa asibiti. Raba tasirin kowanne aiki ne mai wuya. Haka kuma sakamakon na canzawa gwargwadon abin da aka auna. Alaƙar ta fi bayyana idan an duba tsayin ƙashi a hoto, ta fi rauni idan an auna zurfin ramin dasashi da tsinken ƙarfe. Da masana suka taru a Chicago a 2017 don sake tsara rabe-raben cututtukan dasashi, sun sa raunin ƙashi cikin yanayin jiki da ke iya tsananta cutar, ba cikin masu haddasa ta ba. Bahaushe ya riga ya taƙaita irin wannan hukunci: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin da ya dawo baki

Tarihin maganin ma a baki ya fara. A shekarun 1960, Marion Francis na kamfanin Procter & Gamble yana neman abin da zai hana dauɗar haƙori daskarewa, sai ya juya ga wasu sinadarai da masana'antu ke amfani da su don hana gishirin ruwa toshe bututu. Ya haɗa kai da Herbert Fleisch na garin Davos a Suwizalan, kuma a 1969 suka nuna cewa sinadaran na hana ƙashi narkewa. Su ne magungunan bisfosfonet. Suna mannewa a ƙashi, marushi ya haɗiye su ya mutu ko ya kasa aiki. A 1995 aka amince da alendronet a Amurka, ya zama maganin miliyoyin mata. A 2010 denosumab ya biyo baya, wanda ke tare RANKL kai tsaye.

A 2003 sai likitan fiɗar baki Robert Marx na Miami ya ba da rahoton mutum 36 da ƙashin muƙamuƙinsu ya mutu ya fito fili, ya ƙi warkewa. Kusan dukkansu masu ciwon daji ne da ake yi wa allurar bisfosfonet mai ƙarfi ta jijiya. Masu sanin tarihi suka tuna da ma'aikatan kamfanonin ashana na ƙarni na 19, irin 'yan matan da suka yi yajin aiki a Landan a 1888, waɗanda farin fosfaras ya riƙa ruɓar musu da muƙamuƙi har aka haramta shi da yarjejeniyar Bern ta 1906. Muƙamuƙi ne ke faɗawa wannan hali domin shi ne ƙashin da ke sabuntuwa da sauri, kuma shi ne wanda haƙori ke haɗa shi da baki mai cike da ƙwayoyin cuta. Idan aka ɗaure marusa ƙwarai, mataccen ƙashi ba ya samun mai kwashe shi.

Ga masu shan maganin don raunin ƙashi, wannan matsala ba kasafai take faruwa ba, kuma karayar kwatangwalon da maganin ke hanawa ta fi ta yawa da haɗari nesa ba kusa ba. Amma abubuwan da suka fi jawo ta su ne cire haƙori da ciwon dasashin da ba a kula da shi ba. Shi ya sa a yau ake so a duba baki a gyara shi kafin a fara irin wannan magani, kuma majinyaci ya gaya wa likitan haƙori abin da yake sha.

Zirga-zirgar ta bi ta ɗaya gefen ma. Akira Taguchi a Japan, da wani aikin haɗin gwiwar jami'o'in Turai da aka jagoranta daga Manchester a shekarun 2000, sun nuna cewa a hoton muƙamuƙi da ake ɗauka don aikin haƙori ana iya ganin siririntar gefen ƙashin na ƙasa. Idan kaurinsa bai kai milimita 3 ba ga mace mai shekaru, ya kamata a tura ta awon ƙashi. Raunin ƙashi ba ya ciwo sai ranar da aka karye, don haka wannan hoto na iya zama gargaɗin farko da mace za ta samu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan ɗaya na da ciwon dasashi mai tsanani, kuma ana ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka wuce shekara 50 za ta karye saboda raunin ƙashi. Da yawa suna cikin ƙidayar biyu. Ga irin waɗannan, abin da shekaru 250 suka tara a aikace yake. Kalsiyam da bitamin D da motsa jiki na taimakon ƙashi, amma ba sa cire dauɗa. Buroshi da asuwaki da kankarar likita na kashe kumburin, amma ba sa hana kwatangwalo karyewa. Barin taba kuwa na yi wa duka biyun aiki a lokaci guda. Kuma macen da al'adarta ta yanke, ta ga haƙoranta sun fara sassautawa alhali tana tsabtace bakinta, tana da dalilin neman a auna mata ƙashin baya da na kwatangwalo.